Rasuwar Yayata ce ta kaini koyon yadda ake shiga maganar gwamnati

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk sanda aka buɗe fom na irin shirye-shiryen nan da ake kwasar matasa a kaisu wata ƙasa su koyo yadda ake tafiyar da mulki, sai wayata ta cika da saƙonni, wannan yace Yaya ya ake cikewa, wancan yace dan Allah ka duba min abinda na rubuta. Ina taimakawa daidai gwargwado, amma akwai maganar da bata faɗuwa a saƙon waya, ita nakeso in zauna in rubuta yau. Ba zan kama sunan kowa ba, ba zan faɗi sunan ofis ko asibiti ba, wasu daga cikin mutanen suna raye kuma wasu ma yanzu tare muke aiki.

Babanmu ya rasu ina firamare. Yayata ce babba, tana gama sakandare ta ajiye maganar cigaba da karatu ta kama ɗinki, da keken nan ta riƙe gidan ita da Umma, da shi ta biya min makaranta har na shiga jami'a. Ko bayan tayi aure bata daina ba. In naje hutu zata jawoni gefe ta damƙa min abinda ta tara tace kar ka faɗawa Umma, nata daban na bata. Burinta ɗaya ne a duniya, in gama in samu aiki in ɗauke mata nauyin gida.

A 2016 na gama bautar ƙasa na dawo gida ina yawon neman aiki, ita kuma tana da tsohon ciki. Naƙuda ta kamata cikin dare, mijinta baya gari, ni aka taso. Akwai ƙaramin asibiti a mazaɓarmu, ba nisa, kuma ba'a daɗe da gyarashi ba, sabon fenti, sabon rufi, da ƙaton allo a bakin ƙofa. Nan na fara rugawa. Na haska ƙofar da fitilar wayata naga kwaɗo, na buga na buga babu kowa, ko maigadi babu. Kafin in dawo ta haihu a gida, yarinya lafiyarta lau, amma jini yaƙi tsayawa. Kafin mu samu mota, kafin mu bi hanyar nan mai ramuka mu isa babban asibiti, kafin a nemo jinin da zai dace da nata, lokaci ya ƙure. A cikin motar ta riƙe min wuyan hannu, tafinta sanyi ƙalau, tace ka riƙe Umma. Bata ƙara cewa komai ba. Kafin kiran asuba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta ya sa ta huta.

Kowa yazo sai yace haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na yarda, wallahi na yarda, babu mai wuce ranarsa. Amma kwaɗon nan ya tsaya min a rai, domin mutum ne ya rufeshi, kuma akwai inda aka zauna aka yanke cewa a kashe kuɗi a fenti ba'a turo ungozomar da zata kwana ba. Wane ne, a ina, yaushe, bansani ba, kuma duk wanda na tambaya shima bai sani ba. Daga baya ne naga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a 2020 sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a duniya gaba ɗaya 'yan Najeriya ne, sai na gane daren da muka gani gidaje dubbai sun ganshi.

Watannin da suka biyo baya bana son tunasu. Barci ya ƙaurace min, na rame, na daina zama cikin abokai, in naji kukan jaririyar sai in fita daga gidan in rasa inda zani. Abu ɗaya nakeyi, in sayi data in hau Facebook in zazzage fushina akan gwamnati, mutane suyi ta tayani, gari ya waye kwaɗon na nan yadda yake. Wata rana Umma ta sameni zaune a duhu tace kaima so kake ka bita ka barni da marainiya ni kaɗai? Wannan maganar ta dakeni fiye da duk wa'azin da akai min.

Wani malamina na jami'a ne ya fara nuna min hanya, yana ganin rubuce-rubucena sai ya kirani yace inzo. Yace fushinka gaskiya ne ɗana, amma ka san a hannun wa makullin yake? Nace Malam bansani ba. Sai ya bani labarin Bagega a Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara ɗaruruwa a yankin tun 2010, kuɗin share ƙauyen suka maƙale, har wasu matasa suka taso da gangami a 2012 suna bin sawun kuɗin daga ofis zuwa ofis suna kuma nunawa duniya, a farkon 2013 aka saki kuɗin. Yace suma fushi sukayi kamarka, bambancin kawai sun san takardar da zasu nema da wanda zasu tambaya. Shi ya faɗa min akwai shirye-shiryen da ake kai matasa waje su koyo irin wannan. Wanda aka fi sani shine YALI da Obama ya ƙaddamar a 2010, da ɓangarensa na Mandela Washington da aka fara a 2014 inda ake kai matasa jami'o'in Amurka na sati 6, a lokacin kuma yana da cibiyoyi a Accra da Dakar da Nairobi da Pretoria. Amma akwai ƙanana da yawa da ƙungiyoyi ke shiryawa tsakanin ƙasashen Afirka, irinsu na fi bi.

Neman shiga ɗin kansa wahala ce. Komai da Turanci, kuma ba Turancin jarrabawa ba, wani irin salo ne da sai wanda ya taso cikin harkar ƙungiyoyi ya iya. Ana tambayarka wace ƙungiya ka kafa, mutum nawa ka taimaka, ni kuwa babu abinda nake dashi sai kabari da kwaɗo. Nayi ta cikewa ana ta turo min imel na ban haƙuri, akwai wanda na kai matakin intabiyu sabis ya ɗauke ana tsaka da magana, shikenan aka wuce. Da na gaji da ƙoƙarin yin magana irin tasu sai kawai na rubuta abinda ya faru a daren nan da tambayar da take cina, wa ke yanke shawarar a buɗe asibiti da dare kuma ta ina talaka zai shiga maganar. Wannan ne aka ɗauka, a 2018, wani ƙaramin shiri na 'yan makonni a Kenya tare da matasa daga ƙasashen Afirka daban-daban.

A gida ba kowa yayi murna ba. Kawuna yace waɗannan mutanen basa bada abu a banza, juya maka tunani zasuyi. Umma bata hana ba amma tayi shiru na kwanaki, na san tsoronta, kar in tafi in ƙi dawowa kamar yadda 'ya'yan wasu sukayi. Daren tafiya na durƙusa gabanta nace Umma in kince in fasa na fasa. Tace jeka, amma ka dawo min da amsar tambayar da ta hanaka barci, in babu amsa ka dawo ka haƙura ka nemi aiki. Da wannan sharaɗin na tafi.

Shekarar kuwa ta zo daidai da sa hannu akan dokar rage shekarun takara, wadda ake kira Not Too Young To Run, Shugaba Buhari yasa mata hannu ranar 31 ga Mayu 2018, shugaban ƙasa daga 40 ya dawo 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 suka dawo 25. Ina isa 'yan sauran ƙasashe suka rufeni da tambaya, ya kukayi. A nan ne muka zauna muka bi tarihin abin dalla-dalla, yadda matasa suka samu ɗan majalisa ya ɗauki ƙudurin, suka bishi zaman kwamiti da zaman jin ra'ayi, sannan da yake gyaran tsarin mulki ne sai da suka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya saboda ana buƙatar aƙalla 24 cikin 36 su amince. Aikin kusan shekara biyu, kuma yawancinsa zama ne da bibiya da kiran waya, ba ihu ba. 'Yar Ruwanda tace su majalisarsu mai kujera 80 an ware 2 na matasa, ɗan Yuganda yace su 5 ne nasu, amma ya ƙara da wata magana da har yau nake tunawa, yace kujera daban murya daban, in wanda ke kan kujerar babu mutane a bayansa to jam'iyya ce zata haɗiyeshi.

Kenya kuwa tsarin mulkinsu na 2010 ya raba ƙasar gunduma 47, kowacce da gwamnanta da majalisarta, kuma ya rubuta ƙarara cewa dole a ji ta bakin jama'a kafin ayi doka ko kasafin kuɗi, har kotu kan soke doka in aka tabbatar ba'a tuntuɓi mutane ba. A aji duk na ji wannan, na rubuta, amma raina bai kama ba sai da aka kaimu Makueni, gundumar da a lokacin Farfesa Kivutha Kibwana ke gwamna kuma tayi suna wajen sa jama'a cikin tsara kasafi tun daga matakin ƙauye har sama. Gani ya kori ji. Taro ne a filin wata makaranta, an manna manyan takardu a bango an jera ayyukan da mutane suka nema bara da inda kowanne ya kwana. Wata dattijuwa ta miƙe, takalminta duk ƙura, ta nuna wani layi da sandarta tana magana da yarensu, mai fassara yace tambaya take me yasa aikin ruwansu ya tsaya rabi alhali an rubuta an gama. Jami'in gwamnati na tsaye da fayil a hannu, ya buɗe, ya duba, ya bata amsa, bata gamsu ba ta sake tambaya, ya sake amsawa, ba wanda ya daka mata tsawa, ba wanda yace wacece ke. Aka kuma bayyana mana cewa kowane aiki akwai kwamitin mutanen wurin da suke zaɓa su sa ido, kuma sai sun tabbatar anyi aikin kafin a sallami ɗan kwangila. Na koma bayan aji na tsaya hawaye na zuba, saboda abinda ke raina shine da akwai irin wannan zaman a wajenmu da Yaya da kanta zata iya miƙewa tun tana da ƙaramin ciki ta tambaya wa zai karɓi haihuwarta in ta zo da dare.

Kar wani ya ɗauka aljanna na gano. Abokanmu 'yan Kenya da kansu sun faɗa mana a wurare da yawa taron jin ra'ayin cika ƙa'ida ne kawai, a sanar a makare, a sa shi ranar aiki da safe lokacin da matashi ke neman na kansa, a karɓi sa hannun mahalarta a tafi da abinda dama aka riga aka rubuta. Abinda ya faru a Yunin 2024, da matasansu suka cika tituna kan ƙudurin haraji har aka rasa rayuka kafin Shugaba Ruto ya janye shi, ya nuna ko inda doka ta wajabta a saurari mutane ana iya toshe kunne. Kuma tsarin sa jama'a cikin tsara kasafin ma ba 'yan Kenya suka ƙirƙiro ba, a birnin Porto Alegre na Brazil aka fara shi a 1989, suma koyowa sukayi suka gyara ya dace dasu. Wannan ya ƙarfafa min gwiwa sosai, tunda abin koyo ne to muma zamu iya.

Darasin da ya fi canza ni wani aiki ne da aka bamu, kowa ya nemo kasafin kuɗin inda ya fito ya lalubo layin abinda ya fi damunsa. Lokacin samun kasafin jiha ba sauƙi, sai da wani abokina ya samu kofi a wani ofis ya ɗauki hotunan shafuka ya turo min ta WhatsApp. Na kwana ina zuƙo hotuna ina karanta ƙananan lambobi. Abinda na gano shine gyaran ginin aikin mazaɓa ne na ɗan majalisa, daga aljihu ɗaya ya fito, ma'aikata kuma wata hukuma ce daban ke ɗauka ta tura, magani da kayan aiki wata hanyar daban, kuma babu inda ukun nan suke zama su haɗa magana. Wanda yayi fenti ya gama nasa ya ɗauki hoto, wanda zai turo ungozoma ba wanda ya taɓa kai masa buƙata a rubuce a lokacin da yake haɗa lissafinsa na shekara. A ranar na samu amsar da Umma tace in kawo, kuma amsar ta fi ciwo, domin abu ne da za'a iya gyarawa tun kafin a rasa kowa.

Na dawo da zumuɗi, kuma daga nan ne wahala ta biyu ta fara, wadda ba'a faɗawa masu tafiya. Mutane sun ɗauka da dala na dawo. Na kira taron matasa, suka zo da yawa, da aka tashi ba'a raba kuɗin mota ba taro na gaba 'yan tsiraru ne suka zo, har ana cewa na cinye abinda Turawa suka bayar a raba. Na rubuta takarda mai kyau na kai ofis, aka ce in dawo, na dawo aka ce ba'a ganta ba, na sake kaiwa. Ranar da na samu ganin wani babba na fara bashi labarin abinda na gani, ya katseni yace yaro, nan ba Kenya bace, in aiki kake nema ka faɗa. Na fito jikina na rawa. Kawu yace ai na faɗa. A zaurenmu na WhatsApp na waɗanda mukaje tare kuwa kullum sai kaga wani ya sa hoto a wani sabon taron a wata ƙasar, wani ya samu karatu ya tafi bai da niyyar dawowa, bana zarginsu kowa da halin da ya baro a gida, amma ni sai nake ji kamar ni kaɗai aka bari da kaya. Yarinyar da nake nema iyayenta suka gaji da jira. Ga korona ta shigo a 2020 komai ya tsaya. Ciwon kai ya matsa min naje asibiti aka ce jinina ya hau, likitan ya kalleni yace a shekarunka me kake sawa a rai haka. A lokacin har fom na fara cikewa na neman tafiya ta dindindin, na kai rabi na tuna hannun nan mai sanyi da abinda tace min, na rufe kwamfutar.

Wanda ya ciro ni abokina ne ɗan Kenya da muka zauna ɗaki ɗaya, kuma in za'a tambayeni babbar ribar tafiyar to shine, mutumin da zaka kira da dare wanda ya riga ya bi hanyar. Yace kai kaɗai kake zuwa, kuma labarin ƙasarmu kake kai musu, wa zai so yaro ya zo ya faɗa masa wasu sun fishi? Ka nemo abinda dokarku ta riga ta tanada ka riƙe su dashi. Na koma bincike. Ashe Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da nufin a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, kuma akwai kwamitin cigaban mazaɓa da ya kamata ya sa ido ya kuma sa baki a yadda ake kashe kuɗin asibitin. Ashe namu kwamitin yana nan a takarda, shugabansa wani dattijo ne mutumin kirki da aka naɗa aka manta dashi, ba wanda ya taɓa yi masa bayanin ƙarfin da ke hannunsa. Ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ce a amsa buƙata cikin kwana 7. Ga alƙawarin Abuja na 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Duk waɗannan namu ne, ba daga waje aka kawo ba.

Naje gidan dattijon na zauna ƙasa nace Baba ba kujerarka nake so ba, so nake ka bamu dama mu zama ƙafafunka da alƙalaminka. Yayi dariya yace to ai ni dama idona ya daina ganin ƙananan rubutu. Da shi a gaba muka je wajen mai unguwa, ranka ya daɗe ga abinda ke tafe damu, ƙofofin da suka ƙi buɗe min ni kaɗai suka fara buɗewa. 'Yan mata da matan aure matasa su suka yi aikin da ya fi kowanne, suka bi gida gida da littafi suna rubuta wadda ta haihu da dare, a ina ta haihu, me ya faru da ita da jaririn. Ba ƙirƙira, ba ƙari, abinda ya faru kawai. Sannan muka koyi lokaci, wanda shine sirrin da yawancinmu bamu sani ba. Mu da mun saba sai gwamna ya kai kasafi majalisa a ƙarshen shekara muke fara surutu, alhali tun tsakiyar shekara ake aikawa ma'aikatu su kawo buƙatunsu, in maganarka bata shiga a nan ba to sai wata shekarar. Muka kai takardarmu da wuri, muka sa aka buga mana hatimi a kofinmu, muka riƙe.

Lokacin jihohi sun fara wallafa kasafinsu a intanet suna kuma kiran taron jin ra'ayin jama'a, wani shirin Bankin Duniya da ya fara a 2018 ya taimaka wajen tura su ga hakan. Muka je taron. Aka bamu 'yan mintuna, kuma ba ni na yi magana ba, wata ƙanwarmu ce da ta rasa jaririnta a irin wannan daren ta miƙe da littafin nan a hannu, muryarta na rawa ta karanta abinda ke ciki da Hausa, ta rufe tace ranka ya daɗe gini muna dashi, mutum muke roƙo. Ɗakin yayi tsit. Wani jami'i da ya taɓa korata daga ofishinsa shi ya biyomu waje ya karɓi kofi, kuma a gaskiya tun daga ranar ya zama mai taimakonmu, shi yake faɗa mana wane tebur takarda ta tsaya. A nan na gane cikin ma'aikatan nan akwai masu son ayi daidai, suma basu da wanda zai tura daga waje ne.

Bai zo da sauri ba, sai da kasafi ya zagayo, amma an turo ungozomomi, an sa sola, asibitin ya fara kwana a buɗe. Daren farko da na wuce naga haske ta taga da wata mata zaune a benci tana jiran 'yarta, na kasa ƙarasawa gida sai da na zauna a bakin hanya na ɗan lokaci. Da na faɗawa Umma bata ce komai ba sai alwala da ta tashi tayi.

Ra'ayina akan waɗannan tafiye-tafiyen, tunda na ga amfaninsu na kuma ɗanɗani zafinsu, shine suna da amfani ƙwarai amma yadda ake zaɓe yana barin waɗanda suka fi buƙata a baya. Ƙanwar nan da tayi magana a taro ta fini iya tsayawa gaban manya, amma bazata taɓa tsallake fom na Turanci ba. Kuma ana kashe kuɗi mai yawa a jirgi da otal, amma ranar da ka dawo babu mai sake tambayarka ya kake, alhali nan ne ake karyewa. Da ana tura matashi tare da ma'aikacin gwamnati na yankinsu su gani tare, da ba'a ce min nan ba Kenya bace. Sannan ni dai zuwa ƙasar da matsalarta tayi kama da tamu ya fi amfanar dani akan inda komai ya riga ya zauna. Yarjejeniyar Matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 ta ce a ba matasa gurbi a inda ake yanke shawara, ƙuduri na 2250 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015 shima ya faɗi haka a harkar zaman lafiya, amma waɗannan takardun basa tafiya da ƙafarsu, sai an samu wanda ya sansu ya ɗauka ya kai ofis ya kuma koma gobe.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta, ina shan maganin hawan jini, nayi aure, 'yar Yaya tana firamare a hannun Umma. Aikin bai ƙare ba, an taɓa ɗauke mana ungozoma ɗaya aka kaita wani wuri sai da muka sake bin layi daga farko, magani yana yankewa, kuma har yau babu motar da zata ɗauki mace in abu ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, wanda shine ainihin abinda ya cinye mana lokaci a daren Yaya. Duk ƙarshen wata muna zama da matasan mazaɓun da ke kusa damu muna karanta kasafi layi layi da Hausa, mata sun fi maza zuwa. Buƙatar motar da gyaran hanyar mun shigar da ita tun watan Yuli, an buga mana hatimi, Baba shugaban kwamiti ƙafarsa ta matsa masa bazai iya zuwa ba, dan haka ranar Litinin ni da ƙanwar nan zamu koma ofishin tsare-tsare mu ji inda takardar ta kwana.